Ƙofar da Nol Ya Matsar Sau Biyu

A gidan da aka haifi Nol Braspenning, iyakar ƙasa ta tsakiyar ɗakin girki ta ratsa. Murhu yana Beljiyam, teburin cin abinci yana Holan. Mahaifiyarsa takan ce kullum sai ta je ƙasar waje sau talatin kafin ta ciyar da su, kuma ba wanda ya taɓa ba ta ko kuɗin mota. A Baarle, garinmu, wannan ba abin labari ba ne. Gidaje da yawa haka suke, kuma kowa ya san yadda ake raba gardama: inda ƙofar gidanka ta buɗe, nan ce ƙasarka. Can za ka yi rajista, mai kai wasiƙa na can ne zai zo maka, tutar can ce za a manna a jikin lambar gidanka.

Ƙofar su Nol a Holan take, taku biyu daga fararen alamun iyaka da aka shafa a kan daɓen titi. A hagunta akwai wata babbar taga, ita kuma tana Beljiyam.

Nol bai yi nisa a karatu ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya shiga shagon kawunsa ya koyi aikin kafinta, kuma bai sake yin wata sana'a ba har ƙarshen ransa. Rabin ƙofofi da matakalan unguwarmu daga hannunsa suka fito. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, zarto ya ɗauke masa kan ɗan yatsa ɗaya tun yana saurayi, kuma fensir ba ya rabuwa da bayan kunnensa, ko a coci. Takarda ce ba ya so. In ta kama dole ya karanta, da yatsa yake bin layi, leɓɓansa suna motsi. Magana ma ba ta dame shi ba. In ka je masa da damuwarka, zai saurare ka har ka gama, sannan ya ce ka ɗan tashi, kujerar da kake kai tana rawa. Ya gyara ta, ka koma ka zauna. Iyakar lallashinsa ke nan, kuma mu da muka san shi mun san ba ƙarami ba ne.

Bai yi aure da wuri ba. Riet, wadda ke aiki a gidan burodi, ita ta gaji da jiransa ta tambaye shi ko yana da niyya. Ita ta riƙe duk wata takarda ta gidan tun daga ranar. 'Ya ɗaya suka samu, Mirte, lokacin Nol ya haura arba'in. Tana 'yar shekara biyar ta tsinci tattabara da karyayyen fiffike a bayan shago, ta zare fensirin daga kunnen ubanta, ta ɗaure fiffiken da shi. Tattabarar ba ta yi rai ba, amma sunan ya zauna. Daga ranar Nol bai ƙara kiranta Mirte ba, sai Likita.

"Likita, zo ki ci abinci."

"Likita, kekenki ba iska."

Mirte tana shekara goma sha uku ƙafafun Riet suka fara mutuwa. Matakalar da Nol ya ƙera da hannunsa, wadda yake alfahari da ita, ta zama abin da matarsa ba ta iya hawa. Wata shida yana goya ta sama, yana sauko da ita kowace safiya. Ya so ya gina mata ɗaki a ƙasa, ta bayan gida, mai taga babba tana kallon lambu. Dokar gini ta gefen Holan ba ta yarda da girman da yake so ba. Ta gefen Beljiyam ta yarda.

Abokinsa Sjef, birkila, wanda suka taso tare tun suna gajeren wando, shi ya faɗi abin da duk ɗan garin zai faɗa.

"To mene ne abin tunani? Matsar da ƙofar mana."

Kwana biyu aikin ya ɗauke su. Taga ta zama ƙofa, ƙofa ta zama taga. Nol ya je ya yi rajista a ɗaya ofishin, aka zo aka duba, aka canza lamba da tuta. Su uku suka koma zama a Beljiyam ba tare da sun ɗaga ko cokali ba. Takardunsu na 'yan ƙasa dai na Holan ne, shagonsa ma yana gefen Holan, Mirte kuma ta ci gaba da zuwa makarantarta a keke kamar kullum.

Ranar Lahadi bayan coci, a gidan shan kofi da muke zama, Staf mai kai wasiƙa na gefen Beljiyam ya tashi ya rungume shi.

"Barka da zuwa cikin mutane, Nol. Yanzu sai mu koya maka cin abinci, mu koya maka sayen wa abokai abin sha."

"Ku fara koyon gyaran titi," in ji Nol. "Tun da na shigo ƙasarku haƙorana ke kaɗawa."

"Marowacin banza. Ka zo da ƙofarka, ka bar walat ɗinka a Holan."

Riet ta yi shekara biyu a ɗakin nan tana kallon lambu. Ta ga furannin da Mirte ta shuka mata sun buɗe sau biyu. Ta wannan sabuwar ƙofa aka fitar da ita. Bayan haka Nol bai ko yi tunanin mayar da ƙofar ba. Takardun gidan kuwa suka taru a cikin wani gwangwanin biskit, sai abin da Mirte ta buɗe.

Yarinyar ta gama sakandare da sakamako mai kyau, saura wata biyu ta cika sha takwas. Likitan dabbobi take so ta zama, ba ta taɓa son wani abu ba. A Holan da ƙuri'a ake shiga wannan karatu a lokacin, ƙuri'ar kuma ba ta faɗa kanta ba. Amma jami'ar Gent, can cikin Beljiyam, tana karɓar mai irin takardunta. Ta nema, aka ba ta wuri. Abin da ya rage shi ne abin da za ta zauna da shi a can, ɗaki da abinci da littattafai. Nol ba shi da shi. Jinyar Riet ta cinye ɗan abin da suka tara, ƙurar katako kuma ta riga ta fara cin ƙirjinsa, aikin da yake yi a mako yanzu sai ya yi shi a wata. Amma ba su damu ba. Ai akwai tallafin karatu da gwamnatin Holan ke ba 'ya'yanta, har waɗanda suka tafi karatu waje.

Suka nema, amsar ta zo a farkon watan Yuni. Mirte ta karanta a tsaye, ta ajiye a kan tebur, ta je ta ɗora ruwan kofi.

"Me suka ce, Likita?"

"Sun ce a'a."

Nol ya ja takardar ya bi ta da yatsa. An rubuta cewa duk wanda zai tafi da tallafin zuwa wata ƙasa, sai ya kasance ya zauna a Holan shekara uku cikin shekara shida da suka wuce. Ita kuwa, bisa rajista, shekara huɗu da wata ɗaya ke nan tana zaune a Beljiyam.

"Ke da ba ki taɓa kwana a wani gida ba? Gadonki ma a Holan yake. Ni na auna."

"Ba gado suke dubawa ba, Baba. Ƙofa suke dubawa."

"To ai shi ke nan."

"Kada ka sa wa ranka damuwa. Bari in dawo, akwai abin da nake dubawa."

Washegari ta tafi Zeeland, can cikin Holan, inda ta samu aikin mako uku a wata gonar tumaki. Ba ta gaya masa abin da take dubawa ba. Ta san yadda takarda ke hana shi cin abinci, kuma ba ta so ta sa masa rai a kan abin da ba ta tabbatar ba.

Nol ya yi kwana biyu da takardar nan a aljihun rigar aikinsa. Ya karanta ta a shago, ya karanta ta a lambu. Duk inda ya juya ta, abu ɗaya yake gani: ƙofa ce ta jawo, kuma shi ya matsar da ita. Abin da hannunsa ya ɓata, hannunsa zai gyara. Haka ya ga ubansa ya yi, haka maƙwabta suke yi, haka shi ma ya yi wa Riet aka samu abin da ake so. A rana ta uku ya je gidan Sjef.

"Kana da aiki ranar Juma'a?"

"Wane iri?"

"Irin na wancan karon. Baya za mu koma."

Sjef ya ɗan yi shiru. Ya sha faɗa daga baya cewa wannan shirun ne kaɗai hankalin da ya yi a cikin maganar, kuma bai kai ko'ina ba.

"Ka tambayi wani?"

"In tambayi wa? Ga shi a rubuce. Holan suke so, Holan za su samu."

"Yarinyar ta sani?"

"So nake ta dawo ta tarar."

Nol bai mayar da tsohon ƙyauren ba. Yana da wani katako mai kyau, mai nauyi, da ya ɓoye a saman shago shekara ashirin yana jiran aikin da ya cancance shi. Shi ya sauko da shi. Kwana huɗu yana fere shi, yana goge shi, yana tari yana hutawa yana komawa. Sjef ya fasa bango, ya toshe wancan gefen da bulo har zuwa ƙugu, suka mayar da tagar. Da suka rataya ƙyauren, Nol ya tura shi da ɗan yatsa ɗaya, ya tafi a hankali ya rufe kansa ba ko ƙara. Duk wanda ya san aiki ya san ba a taɓa yin ƙofa irinta a titin nan ba.

Ranar Litinin ya sa rigarsa ta coci ya je ofishin gefen Holan. Da yake Mirte ba ta cika sha takwas ba, sa hannunsa ya isa ga su biyun. Aka zo aka duba, aka cire su daga wancan littafi aka sa su a wannan. Kafin kwana goma tuta ta canza.

Ana jibi Mirte za ta dawo, Staf ya tsayar da kekensa a bakin titi, ya tsaya yana kallon bango.

"Nol, kwana uku ina yawo da wasiƙar 'yarka. Na zo inda na saba zuwa, na tarar da taga. Ka gudu ba sallama?"

"Na gaji da dankalinku."

"Ka dai ji an ce za a karɓi kuɗin shara. Ungo, ba aikina ba ne yanzu, amma na ga daga ofishin tallafin karatu take."

Nol bai buɗe ba, sunanta ne a kai. Ya jingina ta da kwalbar gishiri a kan tebur.

Ta sauka daga bas da rana tsaka, ranar Asabar. Nol yana tsaye a bakin sabuwar ƙofa, ya aske gemu, hannuwansa a baya. Ta taho da jakarta a kafaɗa, rana ta ƙona mata hanci. Da ta kai daidai fararen alamun nan sai ta tsaya. Ta dubi tagar. Ta dubi ƙofar. Ta dubi lambar gidan da 'yar tutar da ke jiki.

"Taɓa ki ji, Likita. Da yatsa ɗaya."

"Baba, ka yi rajista?"

"Tun makon jiya. An gama komai. Sai ki sake rubuta musu."

Ba ta taɓa ƙofar ba. Ta bi ta lungun da ke gefen gida, ta buɗe ƙyauren lambu, ta shiga ta ɗakin girki. Ya biyo ta ta ciki. Ta riga ta ga wasiƙar, ta yage ambulan ɗin, tana karantawa. Sannan ta karanta masa da ƙarfi, a hankali, kamar yadda Riet kan yi.

Daga gefen Beljiyam take. Ita ta rubuta musu kafin ta tafi. Sun ce wanda ba ɗan ƙasa ba yana iya samun tallafinsu in ya zauna a ƙasar shekara biyar a jere ba yankewa. Bisa rajista, saura mata wata goma sha ɗaya. Ta sake nema baɗi, in har tana nan a adireshin.

Nol ya zauna.

"To ai ga na Holan," ya ce. "Yanzu a Holan muke."

Ta miƙa hannu ta zare fensirin daga bayan kunnensa. Ta juya ambulan ɗin ta ja layi, ta raba shi gida shida.

"Ga shekara shida. Biyun nan na baya, su ne nawa na Holan, ba su ma cika ba. Huɗun nan Beljiyam. Yanzu duk watan da na ƙara a gaba, ɗaya zai faɗi a baya. Ba zan motsa daga inda nake ba sai na bayan sun ƙare. Sai na yi uku cur daga ranar da ka sa hannu."

"In na sake mayar da ita fa? Sjef yana nan. Gobe ma."

"Sun ce ba yankewa, Baba. An riga an yanke. Biyar za a fara daga farko."

Ya daɗe yana kallon layin nan. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ajiye masa fensirinsa a gabansa, ta ɗauki jakarta ta hau sama.

Ya je ofisoshin biyu, kowanne sau biyu, da rigarsa ta coci. Ba wanda ya wulaƙanta shi. Wata mata a gefen Beljiyam, wadda shi ya yi wa uwarta matakala, ta fito daga bayan teburinta ta zauna kusa da shi, ta ce da ya zo kafin ya sa hannu da ta riƙe masa hannun. Ya ce a rubuta cewa kuskure ne. Ta ce ai ba kuskure a takarda: an zo, an ga ƙofa, ƙofar tana inda ya ce. Ya dawo ya ce wa Mirte zai sayar da shago da injuna ta tafi da kuɗin. Ta tambaye shi wa zai sayi injunan da suka girme ta, kuma shi me zai ci. Wurin da aka ba ta a Gent ya wuce.

A watan Satumba, lokacin da 'yan ajinsu ke ɗaure kaya, Mirte ta fara aiki a mayankar kaji da ke bayan gari. Ta ce a can ne kaɗai ake biya da ɗan dama. Takan tsaya awa takwas cikin sanyi, da farar riga da takalmin roba, kaji suna wucewa a rataye a gabanta. Hannuwanta suka tsattsage. Ko ta yi wanka, warin wurin ba ya barin gashinta.

Kada wani ya ɗauka ta juya wa ubanta baya. Ita ke dafa masa miyar wake da yake so, ita ke kai shi asibiti a Tilburg, ita ke masa faɗa in ya shiga shago ba abin rufe hanci. Suna hira, wani lokaci har su yi dariya. Abu ɗaya ne kawai. Ba ta bi ta ƙofar nan. Da safe ta fita ta lambu, da yamma ta dawo ta lambu, ko ana ruwa, ko ƙanƙara ta rufe lungun, ko hannuwanta cike da kaya. Ba ta taɓa cewa don me ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Amma kullum da ƙarfe biyar yana zaune inda zai ji tsayawar kekenta, kuma kullum sai ya ji ƙarar ƙyauren lambu.

Ya daina kiranta Likita. Ranar farko da ya ce "Mirte, ga kofi," sai da ta waiwaya ta ga ko da wani yake.

A jikin katakon da ƙofar ke rufuwa a kai, ta ciki, ya fara jan ɗan layi da fensir duk ƙarshen wata. Talatin da shida ake nema. Duk Asabar kuma sai ya sa wa ƙofar mai, ya goge ta da tsumma, ko da yake shi kaɗai ke bi ta cikinta, sai mu in mun zo.

Shekara ta zagayo ta sake shiga ƙuri'ar Holan, ba ta samu ba. A wannan bazarar ce watanni goma sha ɗayan nan suka cika. Ba wanda ya ambata a gidan. Nol ya wuni a shago bai kunna inji ba.

Wata Lahadi wani baƙo, surukin mai gidan kofin, da bai san komai ba, ya ji ana kiran sunansa ya ce, "Au, kai ne mai ƙofar nan da ke yawo? Bana wace ƙasa za ku?" Staf, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya sa ido a cikin kofinsa. Nol ya yi ɗan murmushi.

"Bana muna gida," ya ce. Ya biya wa kowa abin da ya sha, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗauki hularsa. Bai ƙara zuwa ba.

Lokacin bikin shigar azumin Kirista, ƙawayenta sukan dawo daga Gent da Leuven da labarin malamai da jarrabawa. Shekarar farko ta fita ta gan su. Ta biyu ta ce tana da aiki. Littattafan da ta saya tun kafin amsar ta zo suna ƙarƙashin gadonta. Nol ya taɓa hawa sama da ƙyar, yana hutawa a kowane taki, don ya gyara mata taga, ya gan su ƙura ta rufe. Ya goge su ɗaya bayan ɗaya da hannun rigarsa ya mayar yadda suke. Ya gaya wa Sjef cewa tsoronsa ba shekarun ba ne. Tsoronsa kada su cika ya tarar ba ta so kuma.

A hunturu na uku ƙirjin ya kayar da shi. Matakala ta gagare shi, sai ya koma ɗakin Riet, kan gadonta, da tulun iskar numfashi a gefe da 'yar roba a hanci. Sjef yakan zo kullum da rana ya zauna da shi. Mirte ta rage aiki zuwa kwana uku.

Wata ranar Laraba a ƙarshen Fabrairu, da la'asar, tana yanke masa farce, ya ce, "Saura nawa?"

"Me?"

"Kin sani."

"Huɗu."

"Ban ja layin wannan watan ba."

"Ba komai, Baba."

Ya huta, ya tara numfashi.

"Kada ki bar kowa ya taɓa ƙofar nan. Ko Sjef. Ko ni na dawo na ce a matsar."

Ta yi 'yar dariya ta hanci, ba ta ɗago ba. Ya daɗe yana kallon hannuwanta, duk tsaga, riƙe da nasa. Bakinsa ya motsa sau biyu. Wanda ya san Nol ya san abin da yake nema ya faɗa, ya kuma san ba zai same shi ba.

"Ƙofar tana son mai in sanyi ya yi yawa," ya ce. "Gwangwanin yana ƙarƙashin matakala, Likita."

Almakashin ya tsaya a hannunta.

"Na sani, Baba."

Ya rasu ranar Asabar da hantsi, yana da shekara sittin da biyu. Allah ya ba shi hutawa. Bai taɓa cutar da kowa da gangan ba, kuma cutar da ya yi ba da gangan ba, ita ya kwana da ita ya tashi da ita har ta kai shi.

Mu shida muka ɗauki akwatin, har da Sjef da Staf. Ta ƙofarsa muka fitar da shi, ta buɗe mana ba ko ƙara. Mirte tana biye da mu a cikin gida, sanye da baƙar rigar uwarta. Da muka sauka kan titi muka tsaya muna jiranta. Ta zo har bakin ƙofar ta tsaya. Muna ganin ƙafafunta a kan tabarmar shiga. Sai ta juya. Muka ji ƙarar ƙyauren lambu, ta ɓullo ta lungu ta same mu. Ba wanda ya dubi wani.

Wata huɗun nan ita kaɗai ta yi su a gidan. Wata 'yar uwar Riet da ke Turnhout, a Beljiyam, ta ce ta koma wurinta, Mirte ta ce ba za ta kwana ko ɗaya a wata ƙasa ba. A watan Mayu Sjef ya je gyara mata famfo, da zai fita ya dubi jikin katakon. Layukan Nol talatin da ɗaya suna nan, gajeru, a miƙe kamar an sa ma'auni. A ƙarƙashinsu akwai wasu uku, dogaye, sun ɗan karkace. Ƙofar kuma tana warin sabon mai.

Amsar ta zo a watan Agusta. Holan ta ba ta tallafin, Gent ma ta sake ba ta wuri.

Sjef ne ya zo da motarsa ta aiki ya kai ta Gent, wata Litinin da safe a watan Satumba. Ya tsaya a bakin lungu, inda ya san za ta fito, ya buɗe bayan motar. Sai ya ji motsi ta ɗaya gefen. Ta fito ta ƙofar gaba da jaka biyu da kwalin littattafai. Ta ajiye su a kan titi, ta koma ta tura ƙyauren da ɗan yatsa ɗaya. Ya tafi a hankali ya rufe kansa. Ta tsaya da tafin hannunta a jikinsa, ta daɗe.

"Kawu Sjef," ta ce, "ashe da gaske ba ta ƙara."

Sjef ya sunkuya ya ɗauki kwalin.

Tana can yanzu, 'yar shekara ashirin da ɗaya a cikin 'yan sha takwas. Ta rubuto cewa karatun yana mata wuya fiye da yadda ta zata, kanta ya saba da wani abu daban, ta faɗi jarrabawa biyu za ta sake. Ba mu san yadda za ta ƙare ba.

Gidan an sayar wa wani mutumin Breda ta Holan. Makon da ya karɓi makulli aka gan shi a kan titi da abin awo, yana auna daga fararen alamun zuwa taga. An ce masa Sjef ne ya san bangon nan, sai ya je har gida ya tambaye shi nawa zai karɓa ya mayar da ƙofar ɗaya gefen, don an gaya masa ya fi sauƙi a can. Sjef ya ce masa ya nemi wani birkila.